Ki Duba Ko An Shimfiɗa Tabarmi

Zuwa ga Autata, Mariama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Maraɗi lafiya, mota ba ta ba ku wahala ba, kin kuma tarar da gwaggonki da yaranta cikin ƙoshin lafiya. Ki gaishe min da su da kyau. Na san za ki yi mamakin tsintar takarda a cikin buhun ƙuli-ƙuli, alhali ga waya a hannuna, ga waya a hannunki. Da gangan na yi haka. Vokal, saƙon murya, idan waya ta cika sai a goge shi, kuma ni na san muryata, ba za ta kai ni ƙarshen maganar nan ba. Rubutun kuwa sai ki yi haƙuri da shi, na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koye shi, shi ya sa layukan suke gangarowa gefe ɗaya.

Kin ce min idan kin fara karatun aikin jinya ba za ki zauna jiran abin da yayanki Sani zai turo daga Agadas ba, za ki riƙa sayar da man gyaɗata da ƙulina a gurup-gurup na waya. Na ji daɗin wannan magana har cikin raina. Amma da na ga kina zaune a kan turmi kina lissafo gurup bayan gurup da za ki shiga, kina dariya kina cewa kafin wata ya ƙare duk Maraɗi za ta san man garin nan Maijirgi, sai gabana ya faɗi. Na bi hanyar nan kafin ke, kuma akwai abin da ya same ni a cikinta wanda ba ki sani ba, don lokacin kina makarantar lise a Tasawa. Da kika zo hutu kika tambaye ni me ya sa ba kya jin muryoyin mutanen garinmu Korgom a gidan nan, na ce miki surutunsu ne ya ishe ni na fita daga gurup ɗinsu. Ba fita na yi ba, Auta, cire ni aka yi.

Ki gane tun yanzu abin da nake tsoro. Ba ciniki ba ne. Mai idan bai sayu yau ba zai sayu jibi. Daga gobe gidan nan ni kaɗai ce a cikinsa, ni da akuya da kaji, kuma lambar nan taki ita ce kawai ƙofar da zan bi in same ki. Idan aka rufe miki ita saboda talla, ko tallar ta cika miki kunne har kika daina jin mutane, ni ce zan fara shiga uku.

Bari in faro miki daga farko. Bayan rasuwar babanku, da aka watse aka bar ni, shirun gidan nan ya kusa taɓa min hankali. Sani ya turo min waya mai shafawa. Aminiyata Tsahara, wadda kike kira Inna Tsahara, ita ta sa ƙanenta malamin makaranta, Mushe Issufu, ya saka ni a gurup ɗin 'yan garinmu Korgom, na gida da na waje, don shi ne admin. Kin san rezon waya a unguwarmu, a tsakar gida ko kira ba ya shiga. Sai in gama shara da safe in hau tudun bayan lakkwal, makarantar yara, in tsaya har vokal-vokal ɗin su sauka, in dawo gida in jingina wayar a jikin murhu ina suyar gyaɗa ina saurare. Wannan yana Legas yana tambaya ko an yi ruwa a gabas da gari, wancan yana Libiya yana neman a gaishe masa da tsohuwa, matar wane ta sauka an samu ɗiya mace, ana gardama a kan famfon da ya lalace. Muryoyin da na rabu da su tun ranar da aka kawo ni Maijirgi, ga su a tsakar gidana. Har amsa musu nake ni kaɗai, kaji na kallona.

Ni da Tsahara tare muka yi talla muna yara, faranti a ka, lungu-lungu na Korgom. Murya gare ni ba ta wasa ba, ita kuwa sai tsiya da dariya. Akwai abu ɗaya da iyayenmu suka koya mana, kuma duk 'yar talla ta san shi. Idan kin karyo kwana kika hangi an shimfiɗa tabarmi a ƙofar wani gida, maza na zaune shiru, takalma a jere, to rasuwa aka yi. Nan take za ki haɗiye kiran tallarki ko da rabinsa ya fito, ki sauke farantin daga ka ki riƙe shi a ƙugu, ki rusuna ki wuce. Sai kin fita daga lungun za ki sake buɗe baki. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Cinikina na farko a waya ba ni na nemo shi ba. Wani ɗan garinmu da ke aiki a Yamai ya ce yana marmarin ƙulin gida, sai Tsahara ta amsa masa cewa in dai ƙuli ne ya nemi Rabi ta Maijirgi, ita ta koya mata, har ta so ta fi malamarta. Aka yi dariya, mutumin ya sa aka kai masa a mota, ya yaba a gurup, wasu suka biyo baya. Da na tsaya a nan da na ci riba ba tare da na ɓata da kowa ba. Amma kaina ya yi girma, na ga ashe kasuwa ce sukutum a tafin hannuna, ba kuɗin mota, ba zaman rana.

Wata mata ta saka ni a gurup ɗin mata 'yan kasuwa na Tasawa. Ina ganin na shiga, ko sallama ban yi ba, na watsa hoton kwalabena. Can sai matar da ke riƙe da gurup ɗin ta biyo ni ta gefe da vokal, cikin ladabi amma da gishirinsa. Ta ce, "Baiwar Allah, ko kasuwar Tasawa kika zo, ai kya nemi sarkin kasuwa shi nuna maki wurin zama kahin ki baje kaya." Ta ce suna da ranar talla a mako, sauran ranaku na shawara ne da sanar da farashi, kuma duk an rubuta wannan a goshin gurup, ni ce ban duba ba. Na ji kunya, na ba ta haƙuri, ta bar ni. To ke ma duk gurup ɗin da kika shiga, ki fara da sallama, ki faɗi ko ke wace ce da wanda ya kawo ki, sa'an nan ki yi shiru na ɗan lokaci kina kallon yadda suke zamansu. Ki karanta abin da aka rubuta a goshi. Ki nemi admin ta gefe ki tambaye shi ko ana talla, da wace rana, da kuma sau nawa. Idan ya ce ba a yi, kada ki yi dabarar saka hoto ki ce kuskure ne, sun san wannan dabarar tun kafin a haife ki. Admin ɗin da aka tambaya yakan zama mai kare ki, wanda aka tsallake kuwa yatsansa na kan sunanki.

Ban daɗe ba na tara gurup da yawa, na matan unguwa, na masu adashi, na iyayen 'yan lakkwal, har da wani na 'yan Gidan Amumune da ban san yadda aka yi na faɗa ciki ba. Kullum safiya hoto ɗaya nake turawa ko'ina, kwalba uku a kan tabarma da kazata ta leƙo daga gefe. Abin da ban lura da shi ba, mutanen ƙasar nan kusan duk su ne a ko'ina. Mace ɗaya sai ta buɗe waya ta ga kwalabena a nan, ta gan su a can, ta koma wani wurin ta sake cin karo da kazar. Tsahara ce ta gaya min gaskiya, ita da ba ta iya ɓoye magana ba. Ta turo min vokal tana dariya har da tari, ta ce, "Rabi, kwalbar nan taki ta hi ladan tashi da wuri. Kazar ma mun san ta, in ta ɓace mu za mu nemo maki ita. Ki rage, mutane sun hwara gajiya." Na yi dariya, amma ban rage ba.

Ke ki rage tun ba a ce miki ba. Ranar da aka yarda a yi talla, ki saka sau ɗaya, da hoton kayanki na gaskiya wanda kika ɗauka da hannunki, ki faɗi farashi a fili da inda za a same ki, ki ja bakinki. Mai so zai biyo ki. Sauran kwanaki ki sa a sitati, wato sitatus ɗinki, can gidanki ne, wanda ya leƙo shi ya kawo kansa. Kada ki ari hoton wata don ya fi naki kyau, ranar da kaya suka isa hannun mai saye za a yi abin kunya a gaban jama'a. Kada ki ce man nan yana maganin hawan jini ko ciwon gaɓoɓi, mai ne na miya, ke da za ki yi aikin asibiti ma bai kamace ki ba. Idan wata ta yi ƙorafi a cikin gurup, ki ba ta haƙuri a nan da kalma biyu, ki ja ta gefe ku ƙarasa. Idan kuma wata ta saka irin kayanki, kada ki bi bayanta da naki a take kina karya farashi. Na taɓa yi, matar har yau idan mun haɗu a kasuwa sai ta gyara gyalenta ta kalli wani wuri.

Abin da na yi bayan wannan ya fi muni. Na gano ana iya buɗe gurup a ga lambobin duk waɗanda ke ciki. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tura musu talla ta gefe, maza da mata, waɗanda ban taɓa gani ba. Wani ya tambaye ni wa ya ba ni lambarsa, wata ta ce in fita harkar mijinta, da yawa ba su ce komai ba. Wata safiya na hau tudu, waya ta ƙi buɗe min saƙonni, sai wani rubutu da Faransanci a tsakiya. Na kai ta wurin mai gyaran waya a Tasawa, ya duba ya ce an rufe lambar. Ya ce mutane ne suka yi ta sinyale ni, wato suka kai ƙarata, kuma ita na'urar idan ta ga saƙo iri ɗaya yana fita zuwa ga baƙi da yawa a lokaci guda, ɗauka take ɗan damfara ne. Ya rubuta musu ban-haƙuri a madadina, ya ce in je in yi addu'a, don wasu ana buɗe musu, wasu kuwa shi ke nan. Allah Ya taimake ni aka buɗe bayan 'yan kwanaki. A cikin kwanakin nan Sani ya yi ta nemana bai same ni ba, har ya fara shirin baro aikinsa ya taho.

Saboda haka lambar da ba mai ita ne ya ba ki ba, ba taki ba ce. Kada ki tura wa wanda bai nema ba. Kada ki buɗe gurup ki kwaso mutane ki zuba ba tare da kin tambaye su ba, ki faɗa a sitati cewa ga shi, mai so ya yi magana. Wanda ya saya ya ji daɗi, ki roƙe shi ya ajiye lambarki, shi ne zai kawo miki wani. Saƙonnin nan kuma masu cewa a tura wa mutum kaza a samu kado, wato tukuici, ko megar data kyauta, ki goge su tun daga nesa, suna cikin abin da ke sa a cire mutum ba tare da an yi masa gargaɗi ba.

Da ina da hankali da wannan ya ishe ni. Amma darasin da na ɗauka rabi ne. Na daina bin mutane ta gefe, na ƙara ƙaimi a gurup. Hoto kuwa yana cin mega, vokal ma yana ci, sai na ga ba zan iya ciyar da su duka ba. Na zaɓi hoto. Na koma in hau tudu, in tura tallata ko'ina, in duba ko wani ya yi oda, in kashe, in sauko. Vokal ɗin Korgom suka riƙa taruwa ba na buɗewa, ina cewa sai ranar da na samu sarari. Ni da na shiga don in ji muryar mutane, na wayi gari ba na jin ta kowa sai tawa. Ban ma lura Tsahara ta kwana biyu ba ta tsokane ni ba.

Da kaka ne, sabuwar gyaɗa ta shigo, na matse mai mai kyau irin wanda ƙamshinsa ke kaiwa maƙwabta. Na hau tudu na tura hoto a gurup ɗin Korgom kamar kullum, na sauko. Washegari na koma na ga vokal sun yi tsiri, sun fi na kowace rana yawa. Na ce a raina yau ma rigimar famfo ce. Raina fes, sai na ga bari in yi musu irin kiran da muke yi muna yara, su tuna da. Na danna na ɗaga murya na ce, "Jama'ar Korgom, albishirinku! Sabon mai ya sauka, ƙuli na ƙamshi, wanda bai yi sauri ba sai dai shi ji labari!" Har da 'yar dariya a ƙarshe. Na kashe waya na tafi ɗaurin kwalabe.

Da na sake hawa tudu na tarar an cire ni. Ba gargaɗi, ba magana. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce hassada ce, na ce ai matar Mushe Issufu ma tana taɓa sayar da mai, shi ya sa. Na zauna jiran Tsahara ta neme ni ta ce ta yi wa ƙanenta tas a kaina. Ba ta neme ni ba, ni kuma na ce ba zan fara nemanta ba, tunda ta zaɓi ɗan'uwanta. Haka na yi ta kumbure-kumbure ni kaɗai a gidan nan, ina yi wa matacciya fushi ban sani ba.

A kasuwar Tasawa na ji. Na hangi wata 'yar garinmu a layin masu barkono, na yi mata magana, ta amsa a daƙile kamar ba ta so. Har ta juya sai ta dawo, don dai gaisuwa wajibi ce, ta ce min, "To, ya haƙurinmu?" Na ce haƙurin wa? Ta tsaya tana kallona, ta ga da gaske nake, sai ta kama hannuna ta zaunar da ni a kan buhun wani. Ban san wanda ya kwashe min kayana ba ranar. Kabu-kabu na hau daga nan zuwa Korgom, ina riƙe da ƙarfen baya, gyalena a baki.

Na tarar an riga an naɗe tabarmi, an share ƙofar gida. Mushe Issufu yana zaure. Na yi masa gaisuwa, ya amsa, bai ɗaga murya ba, bai kuma zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya ce in zauna. Ya ɗauko wayarsa ya ajiye a tsakaninmu, ya kunna min vokal ɗin gurup a jere yadda suka shigo. Na farko muryar Habsu ce, ɗiyar Tsahara, tana cewa jikin Inna ya yi tsanani, tana ta kiran sunan Inna Rabi ta Maijirgi, sun kira wayarta ba ta shiga, don Allah in ta ji ta zo, ko wani ya kai mata saƙo. A ƙarƙashin wannan magana, Auta, ba komai sai hoton kwalabena. Ya gangara zuwa washegari. Sanarwar rasuwa, da lokacin jana'iza. Sai gaisuwa, na Legas, na Libiya, na Yamai, tsofaffi suna addu'a, wata tana kuka ta kasa ƙarasawa. Sai ga ni tsakiyarsu da albishir da dariya.

Ya ce wani ɗan kabu-kabu har ya tayar da babur zai zo ya ɗauko ni a ranar farko, sai aka ga hotona ya shigo, aka ce masa ya bari, ai ta gani, ga ta nan a kan waya, in tana da niyya za ta zo. Tallata ce ta mayar da ɗan aiken da zai kai ni wurin aminiyata tana da rai. Na ce masa wallahi ban buɗe ko ɗaya ba. Ya ce ya yarda, tun da ya ga yadda na shigo ya gane. Sa'an nan ya ce, "Yaya Rabi, ni ba don talla na hidda ki ba. Habsu ce ke bin gaisuwar uwarta ɗaya-ɗaya tana saurare, ban so ta sake cin karo da ke."

Na shiga ciki wurin Habsu. Ta gaishe ni a matsayin uwa, ta kawo min ruwa, ta amsa ta'aziyyata, amma ba ta kalli fuskata ba. Ban ga laifinta ba. Mushe ya ce zai mayar da ni ranar da ita ta ce a mayar, ni ma na ce hakan ya dace.

Ranin nan duka a shiru na yi shi. In soya gyaɗa ba abin da nake ji sai ƙarar ludayi a kasko. In hau tudu don sabo, in tsaya, ba abin da zai sauka sai oda, kwalba kaza, a kai tasha. Ciniki bai tsaya ba, ya ma fi na da, kuma ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba, har wanda na ji bayan babanku bai kai shi ba, don wancan Allah ne Ya kawo, wannan kuwa da yatsana na jawo shi. Ana gab da damina Habsu ta sa aka mayar da ni. Na yi sallama, na nemi gafarar jama'a, wasu suka amsa, wasu ba su amsa ba har yau. Tun daga ranar ban sake saka ko hoton murfin kwalba a gurup ɗin ba. Masu son mai suna samuna ta bakin waɗanda suka saya, yadda aka fara tun farko. Vokal ɗin nan na Tsahara na maganar ladan yana nan a wayata. Duk sanda waya ta cika, hotunan kaya nake gogewa.

To ga abin da ya sa na rubuta miki duk wannan. A lungun gari ido yana nuna miki tabarmi tun daga nesa. A gurup ba za ki gan su ba sai kin nema. Kafin ki saka talla a ko'ina, ko da ranar talla ce, ko da admin ƙawarki ce, ki hau sama ki karanta abin da aka faɗa, ki buɗe vokal na ƙarshe-ƙarshe ki ji da kunnenki. Ki duba ko an shimfiɗa tabarmi. Idan rasuwa ce, ko wani na kwance asibiti, ko an yi gobara, ko yaro ya ɓace ana cigiya, ki sauke farantinki. Ki yi gaisuwa yadda ake yi, ki bar kayanki sai wata rana. Idan megarki ba za ta isa ki saurara ki kuma yi talla ba, ki saurara. Kuma kada a san ki a gurup da hoton kaya kaɗai. Ki yi barka idan an haihu, ki amsa tambaya idan kin san amsa, ki taya cigiya. Wadda ake jin muryarta a ranar daɗi da ranar wuya, idan ta yi kuskure ana kiran ta a gefe a gaya mata. Wadda ba a sani ba sai da talla, cire ta kawai ake yi.

Ina da roƙo biyu. Na farko, ki sayi wani pus, wato layin waya, daban don ciniki, shi ma ki bi da shi a hankali, kada ki fara da watsa saƙo tun yana sabo. Wannan lambar da na sani, mai hotonki da farin hijabi, ki bar min ita da tsabta, kada ki yi talla da ita ko sau ɗaya. Idan aka rufe ta ciniki, asara ce, za a mayar. Idan aka rufe wannan, zan hau tudu in sauko ban san ko kina lafiya ba.

Na biyu, idan na turo miki vokal ki buɗe. Na san halina, zan yi tsawo, zan ba ki labarin akuya da na maƙwabciyar da ta ari rariyata ba ta dawo da ita ba. Ki buɗe duk da haka. Na gurup ɗin Korgom ma, da na sa Mushe ya saka ki, kada ki bar su su taru. Ni yanzu ba yarinya ba ce, kuma kira ba ya shiga gidan nan. Wata rana wani zai hau tudun bayan lakkwal ya saka magana yana cigiyar Autar Rabi, ya ce tana kiran sunanki. Ina so ki ji a ranar, ba a kasuwa ba.

Allah Ya tsare min ke a hanya da masauki, Ya raba ki da sharrin mutum da na waya, Ya ba ki ilimi mai amfani da kasuwa mai albarka, Ya haɗa ki da mutanen da za su gaya miki gaskiya tun da wuri kamar yadda aka gaya min, Ya kuma ba ki kunnen da ni ban samu ba. Allah Ya jiƙan babanku, Ya jiƙan Tsahara. Ƙulin da ke cikin baƙar leda na gwaggonki ne, kada ki sayar. Idan kin karanta ki turo min ko da sallama ce, kullum da hantsi ina kan tudu.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarki,
Rabi, daga Maijirgi.